Dawuda, Kashe Abin Nan

Ni ce Marka, ɗiyar Malam Na'Allah na Kebbe, kuma ni ce ta tsakiya. Malami wana ne, Dawuda ƙanena. Shekara arba'in da fuɗu maza biyun nan ba su sa hannu a kwano ɗaya ba. Ba gaba suke yi ba, kar a ɗora musu abin da ba su yi ba. Suna gaisawa, suna zuwa sunan juna da jana'izar juna, in ɗaya ya kwanta ciwo ɗayan zai zo ya duba shi. Amma in abinci ya fito daga cikin gida, kwano biyu ake kawowa, kowa ya juya gefensa. Duk dangi sun saba, har sun daina gani. Ni ce ban saba ba, kuma abin yana ci mini rai duk sanda na gani.

Kaset ne ya jawo haka, kaset ɗaya tal.

A shekarun da kuɗin mai suka shigo, abubuwa suka fara isowa Kebbe a bayan manyan motoci: kwanon rufi, siminti, rediyo mai ɗaukar magana, da injin niƙan da Jumare ya kafa a bakin kasuwa. Dawuda yana da shekara sha tara a lokacin. Karatu ya yi daidai gwargwado, amma hankalinsa na wurin duk abin da ke da waya da batir. Shi ne ya lallaɓa Malam ya yarda a ɗauki muryarsa yana ba da karatu a zaure. Malam bai so ba, ya ce shi ba mawaƙi ba ne da za a sa shi a akwati. Sau ɗaya ya yarda, kaset ɗaya aka cika, gaba da baya. Bayan wata uku Allah ya yi masa rasuwa.

Malami, don tsananin girmamawa, ya goge kaset ɗin da gefen rawaninsa, ya mayar da shi cikin kwalinsa, har ledar da ya zo da ita ya sake naɗe shi da ita tsaf, ya ajiye a akwatin littattafai. Bai rubuta komai a jiki ba. Ya ce ai ba a buƙatar rubutu, kowa ya san abin da ke ciki. To, kowa bai sani ba.

Shi kuwa Dawuda yana da wata ɗabi'a tun yana ƙarami. In ya tsaya kusa da injin Jumare, injin yana tuf, tuf, tuf, sai ya hau zuba zance da sauri, kalma na bin kalma, ƙarshen kowace magana na dacewa da na 'yar'uwarta, kuma duk a kan bugun injin. Ba waƙa ba ce, don ba ya jan murya. Ba kirari ba ne, don ba ya yabon kowa. Mata masu kawo niƙa suna dariya, suna cewa ɗan Malam ya taɓu. Rannan, bayan rasuwar Malam, ya ga kaset a naɗe cikin leda a akwati, ya ɗauka sabo ne Malami ya sayo, ya sunkuce shi, ya tafi gidan niƙa da rediyo a hammata. Ya danna jan maɓalli ya yi ta zuba har ya gaji.

Da ya dawo ya aro rediyo na biyu ya haɗa su baki da baki a ɗaki don ya kwafa. Irin wannan kwafi ba ya son motsi ko tari, sai ya rufe ƙofa ya fita, in ya ji maɓalli ya yi ƙas ya koma ya juya. Haka ya yi kwafi goma sha biyu, ya raba wa direbobi kyauta ranar kasuwa don su ji a hanya. Na asalin ya manta shi a cikin rediyon gida.

Ranar sadakar arba'in ta Malam, zaure ya cika da malamai daga Jabo da Sanyinna da Tambuwal. Malami ya ce yau za a ji muryar marigayi. Ya duba akwati, kwali wayam. Ya ga kaset a cikin rediyo, ya gane shi, ya ɗauka wani ne ya shirya masa. Ya yi bismilla ya danna. Ina bayan ƙofar zaure da sauran mata, har na fara share hawaye tun kafin a ji komai. Sai tuf, tuf, tuf, sai muryar Dawuda tana ba da labarin akuyarsa.

Malami bai bari an yi minti ɗaya ba. Ya zaro kaset ɗin, ya ɗora a dokin ƙofa, ya taka da diddige, ya kwashe ɓaraguzan ya zuba a rijiyar da aka daina sha. Bai zagi kowa ba. Da aka kawo abinci ya ce a raba masa nasa. Bayan sati biyu Dawuda ya tattara kayansa ya biyo ni Tambuwal, inda nake aure.

Kar ku ɗauka rayuwa ta yi mana ɗaci bayan haka. Dawuda ya buɗe shagon gyaran rediyo kusa da tasha, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya shida, yanzu har fitilar sola da fanka yake gyarawa. Malami ya gaji zauren Malam, ɗalibai ba su taɓa yankewa ba. Ni ina tuyar ƙuli-ƙuli, kuma ba yabon kai ba, daga Sakkwato ake aiko a saya. Mun tsufa cikin rufin asiri. Dawuda dai bai sake zuba zancensa a gaban mutane ba, sai dai in yana liƙa waya da darma za ka ga leɓensa na motsi, ƙafarsa na buga ƙasa. Na yi ƙoƙarin sasanta su ya fi a ƙirga. In na taɓo maganar Malami ya ce, "Ni na yafe mashi tun tuni, Marka." In na ce to ku ci tare mana, sai ya ce hannunsa ne bai saba ba.

Bara, bayan an gama girbin gero, ina tsakar gida da hantsi ina murza tunkuza, sai ga Ni'imatu ta shigo da sauri. Ita ce babbar ɗiyar Dawuda, malama ce a makarantar 'yan mata, uwar 'ya'ya uku, ba mai rawar kai ba ce. Ko zama ba ta yi ba ta miƙo mini waya.

"Goggo, saurari wanga ki gaya mani ko kunnena ne."

Ta danna. Tuf, tuf, tuf. Hannuna ya tsaya a cikin tunkuza.

"Siminti ya zo, hanya ba ta zo ba,
ɗan kwangila ya ci, rami bai cika ba,
akuyata ta cinye takardar awo,
ta fi shi sanin inda kwalta za ta biyo."

Na ce, "Ubanki ne. Ina kika samo wagga masifa?"

Ta jawo kujera ta yi mini bayani. Wata abokiyar aikinta ce ta kunna a ofishin malamai. Ashe ɗaya daga kwafin nan ya bi direba ya ƙetare iyaka, ya yi shekaru a cikin kwalin tsofaffin kaset a wata kasuwa, har wani mai tara irin waɗannan abubuwa ya saya ya ɗora a intanet. Shekara shida ke nan. Ba mutane da yawa suka san shi ba, amma waɗanda suka sani sun riƙe shi kamar gadon ubansu. Suna da zaurensu a intanet inda ba a maganar komai sai shi. Sun ce gambarar zamani ce, wadda matasa ke kira rap, amma an yi ta a ƙauye tun kafin wani a ƙasar nan ya ji labarinta. Ba su san sunansa ba, sai suka sa masa Mai Inji. Wani ya zauna ya ƙirga bugun injin a minti ɗaya. Wasu sun buga hoton injin niƙa a riguna. Wani ɗan Japan ya ce kullum da shi yake zuwa aiki, wata 'yar Burazil ta ce ba ta jin kalma ɗaya amma ta haddace labarin akuyar. Har faɗa suke yi a kan ko mutumin Nijar ne ko na Zamfara.

Na yi dariya har na ƙware. Injin Jumare da muke toshe kunne in mun kai niƙa, shi ne ya kai Japan, alhali Jumare kansa bai taɓa wuce Gusau ba.

Ni'imatu ta ce, "Akwai abin da ban gane ba, Goggo. Sunan da suka ba kaset ɗin Kashe Abin Nan. A ƙarshe injin yana tsayawa, sai wani tsoho ya shigo yana magana. Su sun ce dabara ce, wai ya ɗauko tsohon ne don ya rufe da shi. Sun fi son wurin da ko'ina. Wane ne tsohon?"

Ni'imatu ba ta taɓa ganin kakanta ba, an haife ta bayan rasuwarsa da shekara biyar. Ta ja yatsa a kan wayar zuwa ƙarshe. Zancen Dawuda ya ƙare, injin ya yanke, aka ji ƙas, sai shuru mai ƙura-ƙura. Sai tari, ƙaramin tari sau biyu. Tun kafin ya yi magana na san tarin ubana.

Ban san sanda na zauna a ƙasa ba. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar da aka fita da shi, amma kukan daɗi ne, wallahi daɗi ne. Minti fuɗu ne suka rage a ƙarshen bayan kaset ɗin, inda Dawuda ya gaji ya kashe kafin zaren ya ƙare. Shi bai sani ba, don yana waje sanda ake kwafi. Malami bai sani ba, don bai bari an kai can ba.

Na wanke hannu, na ja mayafi, muka nufi shago. Dawuda yana kan benci da fanka a cinya, gilashinsa ya zamo kan hanci. Ni'imatu ta ba shi labarin mutanen Japan da riguna. Ya saurara yana murmushi, ya tambaya ko sun ji wurin da ya lissafa kayan cikin rediyo, don shi wurin ya fi so. Ta ce sun ji, har sun fassara. Ya ce madalla, ya ci gaba da kwance fanka. Sai ta kai masa ƙarshen.

Ya ajiye sukudireba. Ya cire gilashi. Da aka gama ya ce a sake, aka sake. Sannan ya ce, "Yaya ya kamata shi ji wanga, ba ni ba."

Na ce, "To tashi."

"Ki kai mashi ke da Ni'imatu."

"Dawuda, na kai saƙonku shekara arba'in da fuɗu, ƙafata ta gaji. Rufe shagon nan ko in rufe maka."

Washegari da sassafe muka ɗauki babura uku zuwa Kebbe. Hanyar da akuyar ta san inda kwalta za ta biyo, har yau wani wurin sai ka sauka ka taka. Ni kuwa ina tsoro, ba zan ɓoye ba. Na san halin wana. Zai iya jin tuf ɗin farko ya tashi ya shige gida, shi ke nan mu mutu da kwano biyu.

Mun tarar ya sallami ɗalibai na safe, yana zaune a kan buzu, a daidai wurin da Malam ke zama. Gemunsa ya yi fari fat. Aka gaisa, aka tambayi gida da gona. Sai na faɗa masa komai kai tsaye, ban yi kwana ba: kwafin, da direban, da mutanen intanet, da minti fuɗun da suka tsira.

Ya ce, "Muryar Malam?"

Na ce, "Ita. Ba sai ka ji shirmen wanga ba. Ni'imatu za ta tsallake ta kai ka can kai tsaye."

Ni'imatu ta ɗora yatsa a kan waya. Malami ya ɗaga hannu.

"Dakata, ɗiyata. Mi ya fi tsawo, nashi ko na Malam?"

"Na Baba ya kusa awa ɗaya, Baffa."

"A wanga zaure ba a buɗe littafi daga ƙarshe. Kullum nika hana ɗalibai. Rannan ni na ji layi ɗaya na rufe, na taka da ƙafata. Da na yi haƙuri da tuni muna da shi a gida." Ya gyara zama, ya naɗe ƙafa irin ta mai ɗaukar karatu. "Ɗauko daga farko."

Na so in yi magana, na ga ba wurinta ba ne. Ni'imatu ta ajiye wayar a kan buzu ta danna.

Awa guda muka yi a zauren Malam Na'Allah injin Jumare yana bugawa. Dawuda ya sunkuyar da kai kamar wanda ake karanta wa laifinsa. Aka wuce akuya, aka wuce ɗan kwangila, aka shiga labarin wani Na'iya direba da ya ɗauko firji zuwa garin da babu wuta, matarsa ta mai da shi wurin ajiye zannuwa. A nan na ga gemun Malami ya motsa. Aka shiga lissafin kayan rediyo. Aka shiga wani wuri da na manta da shi sam, inda Dawuda yake cewa gidansu ya yi shuru tun da aka ɗauke buzun zaure aka shanya, kuma shi ya sa yake zuwa wurin inji, don a can ne ba ya jin shurun. Malami ya ɗago ya dubi ƙanensa. Dawuda bai ɗago ba.

Can wajen tsakiya wani maƙwabci ya leƙo jin ƙarar inji a zauren malami. Malami ya yi masa alama da hannu cewa ana karatu, mutumin ya koma da baya.

Sai injin ya yanke. Ƙas. Tari biyu.

Karatun ruwan alwala ne, wane ruwa ya halatta, wane ne bai halatta ba. Wata murya ta saurayi tana jan Larabci da gudu, ta yi tuntuɓe, ta sake, ta sake yin tuntuɓe a wuri ɗaya. Sai Malam ya ce, "A hankali, Malami. Wa ya koro ka? Sake." Saurayin ya sake. Malam ya fassara a natse, da muryar nan tasa mai ɗan kaushi, yana ba da misali da randar gidanmu da rijiyar bayan gari. Sannan aka ji an rufe littafi.

"To, mu tsaya nan. Allah shi yi maku albarka ku duka, da mai karatu, da mai akwati, har da mai jegon da ke leƙe ta bayan ƙofa tana tsammanin ban gan ta ba." Ni ce. Ina gida wankan ɗana na fari a lokacin. Aka ji dariyar samari biyu a tare. Sai Malam ya ce, "Dawuda, kashe abin nan, kar shi cinye batir."

Ƙas.

Hawaye na bin gemun Malami, bai share ba. Daga cikin gida ana jin daka, kaji na tona a bakin ƙofa. Ni'imatu ta ɗauke wayarta a hankali ta riƙe.

Dawuda ya ce, "Yaya, na ɗauka sabo ne."

"Ni na naɗe shi kamar sabo," in ji Malami. "Ko harafi ban sa ba."

Na ce, "Kuma duniya ta ji ka kana tuntuɓe a ruwan alwala, har Japan." Ban iya riƙe bakina ba, haka Allah ya yi ni. Malami ya yi dariya yana kuka, ya ce ai wurin yana da wuya, har yau ɗalibai a nan suke faɗuwa.

Azahar ta gabato. Fatsuma, matar Malami, ta turo abinci kamar yadda ta saba in Dawuda ya zo: tuwon dawa da miyar kuka, kwanon Malami daban, na Dawuda daban, namu na mata a cikin gida. Ni'imatu ta shigo da su ta ajiye, ɗaya a nan, ɗaya a can. Na miƙe zan shiga ciki, amma na tsaya a bayan ƙofar nan, wurina na da, ina leƙe.

Malami ya dubi kwanukan biyu. Ya jawo na Dawuda, ya buɗe, ya juye tuwon a cikin nasa, ya juye miyar a kai, ya kife wanda ya zama fanko a gefe. Ya wanke hannu ya tura wa ƙanensa butar.

"Matso. Akuyar nan, da gaske ta ci takardar?"

"Ta ci, Yaya. Har da rabin ta biyu."

Dawuda ya wanke hannu ya matso. Ya kai lomar farko, na gani. Na tsaya ina ƙirga musu loma kamar yarinya, raina fes, daɗi ya cika mini ƙirji har na rasa inda zan sa shi.

Malami bai juyo ba ya ce, "Marka, na gan ki. Tafi ki ci abinci. Ki ce ma Ni'imatu in an yi salla ta dawo da wayar, akwai wurin firji da ban ji da kyau ba."